Ƙasar Da Na Raina Tun A Taswira

Kun saba ji na ina ba ku labarin samari da 'yan mata, wane ya so wance, iyaye sun hana, an sha kuka daga baya an yi aure. To yau kam ku yi haƙuri, labarin kaina na kawo muku, kuma tun yanzu gara in faɗa muku ba ni da abin yabo a cikinsa. Na daɗe ina jin kunyar rubuta shi, sai Yayata ta ce min, "Ke da kike tona asirin mutanen da kika ƙirƙira, ai sai ki tona naki mu gani." Shi ya sa na ɗauki biro.

A farkon shekarar 2023 ne Allah Ya nufe ni da zuwa ƙasar Gambiya. Mijin Yayata malamin lissafi ne, aiki ya kai shi can, a lokacin shekararsu uku ke nan a garin Serekunda. Yaya ta samu ciki bayan ta yi ɓari har sau biyu, likita kuma ya hana ta doguwar tafiya, saboda haka maganar zuwa gida wanka ba ta ma taso ba. Umma ce ya kamata ta je, to ciwon ƙafa ya sa ta gaba, ko gidan maƙwabta da kyar take shiga. Aka duba aka duba, aka ga ni ce zaune ba aikin fari ba na baƙi tun da na gama sakandare, sai rubuce-rubuce. Baba ya ce in shirya, idan mijin Yaya ya zo hutu mu tafi tare.

Daren da aka faɗa min, ƙanena ya ɗauko littafinsa na taswira muka hau nema. Wallahi sai da muka zagaye Afirka ta Yamma sau biyu da yatsa ba mu gan ta ba. Can sai ga wani ɗan siririn abu kamar tsutsa ya kutsa cikin Senegal, Senegal ta kewaye shi gabas da kudu da arewa, ta yamma ce kawai teku. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ƙasa in kika yi tuntuɓe ai a Senegal za ki faɗi." Muka yi ta ƙyaƙyata dariya har Umma ta tsawatar mana. Da mijin Yaya ya zo na tambaye shi, ya ce duk girman ƙasar murabba'in kilomita 11,000 ne da 'yan kai, wato da kaɗan ta ɗara rabin jihar Kano, inda ta fi faɗi ma bai kai kilomita 50 ba, mutanenta kuwa ba su kai miliyan 3 ba. Na ce, "To wannan ai ƙaramar hukuma ce aka ba tuta." Ya dube ni ya ce, "Wannan maganar ki bar ta a Kano, kada ki sa ta a akwati." Ina ma na ji.

Daga Kano muka sauka Legas, daga Legas sai filin jirginsu da ke Yundum. Ba a nemi biza a hannuna ba tunda mu da su duk 'yan ƙungiyar ECOWAS ne. Gidan da su Yaya suke haya babban gida ne mai ɗakuna a jere, da bishiyar mangwaro a tsakiya. Mai gidan wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Wolof, mijinta ya rasu, kowa Aja yake ce mata, wato Hajiya a bakinsu. Tana da 'yar auta sa'ata mai karatun aikin jinya, a nan Ƙawa zan riƙa kiran ta, domin har yau haka muke kiran juna. Da muka shiga Aja ta rungume ni, ta yi ta jero gaisuwa kamar wata tsohuwar cikin birni, tana tambayar Umma da Baba da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta raɗa min in ce "jama rek", lafiya lau ke nan. Daga baya na gane Mandinka, waɗanda suka fi kowa yawa a ƙasar, "kaira doron" suke cewa, Fulaninsu kuma "jam tan". In za ka yi godiya da Mandinkanci sai ka ce "abaraka", ka ji kamar albarkarmu.

Al'adar gidan ita ce, da an yi sallar azahar Aja za ta sa a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, a kawo wani makeken kwano, matan gidan duk su kewaye shi, maza kuma nasu daban. Kowa gabansa yake ci. Kifi ko nama da kayan lambu a tsakiya ake tara su, uwar gida ce za ta riƙa gutsurowa tana tura wa kowa gabansa, baƙo kuwa shi ake tura wa mai kyau. Ranar farko domoda aka yi, miyar gyaɗa ce mai kauri da tumatir da kabewa a kan farar shinkafa, ita suke kira abincin ƙasarsu. Na ci har na so in lashe hannu, amma girman kai ya hana ni cewa ta yi daɗi. A raina cewa nake, ai wannan taushe ce aka manta ba a sa mata alayyahu ba.

Rana ta huɗu aka yi benacin. Shinkafa ce ja, an dafa ta a ruwan miya, an jera mata kifi da rogo da kabeji da karas da yalo da ɗata a kai. Aja ta zaɓo tsokar kifi mafi kyau ta turo min gabana tana murmushi, Ƙawa kuma ta ce min da Turanci, "Yau za ki ci uwar jalof." Ni kuwa, abin ka da bakin da ya saba surutu a gida ba mai kwaɓa, sai na tura kifin na mai da shi tsakiya, na yi dariya na ce, "Jalof ɗinmu kuka ara, kuma ba ku iya ba. Kun cika shi da ganye da rogo kamar abincin akuya, ga ƙarnin kifi. In kuna son jalof na gaskiya ku zo Najeriya, ƙasar da ake kira ƙasa."

Ni a zatona wasa nake yi, kuma na ɗauka tsohuwar ba ta jin Turanci. Ashe matar nan shekara kusan 30 ta yi tana sayar da atamfa da rini a kasuwar Albert da ke Banjul, Turawa masu yawon buɗe ido ne rabin masu cinikinta. Wurin ya yi tsit. Aja ta cire hannu daga kwano, ta wanke, ta ce alhamdulillahi, ta tashi ta shige ɗaki. Sauran matan ma ɗaya bayan ɗaya suka zame. Aka bar ni da Yaya da kwano.

Da muka shiga ɗaki Yaya ta rufe ƙofa. Ban taɓa ganin ta cikin irin wannan ɓacin rai ba. Ta ce, "Kin san wace ce kika zaga? Ranar da na yi ɓari na biyu maigidan yana makaranta, matar nan ce ta ciccibe ni ta sa a mota. Kwana uku ta yi a asibiti tana kwana a ƙasa. Da hannunta ta wanke zannuwana na jini, abin da ko ke ƙanwata sai kin yi ƙyama. Shekara uku ina cin kwanonta ba ta taɓa karɓar ko butut ɗaya ba. Ni ba ni da uwa a garin nan sai ita, ke kuma kwana huɗu da zuwanki kin raba ni da ita." Ta fashe da kuka, ga tsohon ciki. Na rasa inda zan sa kaina.

Kada ku zaci Aja ta daina ba mu abinci. Kwano bai fasa zuwa ba, sai dai ya koma ɗan ƙarami, cin mutum ɗaya, a rufe, yarinya ta miƙo ta ce na Yaya ne. Tabarmar gindin mangwaro kuwa ba a sake kiran mu ba. In na gaishe ta za ta amsa a taƙaice ba tare da ta dube ni ba. Yaya ta ce in je in ba da haƙuri, mijinta ya ce in je, ni kuwa kullum sai in ce gobe. Kunya ce da girman kai suka haɗu suka ɗaure min ƙafa. Haka muka yi kwana takwas, ina dafa mana taliya a ɗaki kamar masu zaman makoki.

Daren na tara wajen ƙarfe biyu naƙuda ta tashi. Mijin Yaya ya ruga neman mota, aka bar ni da ita tana murƙususu, ni kuwa ban san komai ba sai salati. Duk haihuwar da na rubuta a littattafaina, layi biyu nake yi in ce "ta sauka lafiya". Yaya ta damƙe hannuna ta ce, "Kira min Aja." Na fita ba takalmi, na tsaya a ƙofar matar nan jikina na ɓari. Bugu ɗaya na yi ta buɗe, da mayafinta a kafaɗa da ƙullin kaya a hannu. Ashe tun sati biyu da suka wuce ta haɗa zannuwa da sabulu da fulas ta ajiye a bakin gado. Ba ta ce min uffan ba ta wuce ni. Ita ta riƙe Yaya a mota, ita ta shiga da ita, ita ta yi ta magana da ma'aikatan jinya da yarensu, ni ina rakuɓe a benci. Da asuba ta fito da jariri namiji a naɗe, ta duba ta duba, sai ta zo ta ɗora min shi a cinya.

Nan na durƙusa a tsakiyar asibiti da yaro a hannu ina kuka ina ba ta haƙuri, Hausa da Turanci duk na cakuɗa. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta yi magana da Wolof, Ƙawa ta fassara min. Wai ta ce ta yafe, yarinya ce ni, amma bakin da ya zagi tukunya hannunsa ne zai wanke ta. Abincin suna ni da ita za mu dafa.

Ana gobe suna ta tashe ni tun da duku-duku muka tafi kasuwar Serekunda. A hanya ta saya min burodinsu tapalapa, dogo ne mai tauri ana gasa shi a tanderun itace, aka tsaga aka zuba wake da mai da yaji a ciki. Kusa da mai burodin wata mata na suyar ƙosai, su akara suke ce masa kamar Yarabawa. Tun daga nan na fara tsarguwa, domin duk inda na juya sai in ga abin gidanmu da wani suna. Zoɓo shi ne wonjo. Garin ƙwallon kuka da muke damawa su ma suna yin abin sha da shi, fari tas mai kauri. Kunun gyaɗa na shinkafa cura gerte suke ce masa. Miyar kuɓewa da manja da busasshen kifi supakanja. Har zogale na gani ana miya da shi ana ci da wani abincin gero mai kama da burabusko. Can Aja ta ɗauko wani abu baƙi ta kai min hanci tana dariya, na shaƙa na ce, "Daddawa!" Ta ce netetu. Sannan ta ɗauko wani busasshen kifi mai wari da suke jefawa a tukunya don ɗanɗano, ta nuna shi ta nuna daddawar, ta ɗaga min gira. Na gane nufinta sarai, wanda yake cin daddawa ba shi da bakin cewa abincin wani yana wari.

Ranar suna, wanda Wolof ke kira ngente, mu mata wajen goma muka kewaye manyan tukwane uku. Ga yadda na ga an yi, ga mai son gwadawa. Ana tsaga jikin kifi a cusa masa dakakken tafarnuwa da attarugu da ganye mai ƙamshi, a soya shi sama-sama a kwashe. A cikin man nan za a soya albasa da tumatirin gwangwani har sai ya yi duhu, Aja ta ce gaggawa a wannan gaɓar ita ke lalata benacin. Sai a tsaida ruwa, a zuba kayan lambu manya-manya ba a yanka su ƙanana, a mai da kifin, kowanne ya nuna a tsame shi a ajiye gefe. Shinkafar kuwa ƙanana ce kamar tsaki, ana wanke ta a turara ta a madambaci a kan tukunyar, sannan a juye ta cikin ruwan miyar da ya sha daɗin kifi da kayan lambu, a rage wuta a rufe. Ƙanzon ma ba a zubarwa, kankare shi ake yi a sa a gefen kwano, har rububinsa ake. Komai a tukunya ɗaya, kuma ma'anar sunan ke nan da Wolof, benacin, tukunya ɗaya.

Ina cikin juya shinkafa hayaƙi na cika min ido, Ƙawa ta matso ta ce, "Na tambaye ki mana, kalmar jalof da wane yaren Najeriya ce? Hausa ko Yarabanci ko Ibo?" Na yi shiru. Ta ce to Jolof sunan tsohuwar daular Wolof ce, a yankin nan nasu da Senegal, daga nan abincin ya bi 'yan kasuwa ya bazu har ya iso mana. Wato ni na tashi daga Kano na zo har gidan mai abu ina ce masa aro ya yi. Matan nan suka yi ta min dariya, wata ta ja min kunne, ni ma na taya su. Da aka gama kuwa tukwanen nan uku ni na wanke su tas, Aja na zaune a kujera tana kallo, tana nuna min inda ban goge ba.

Bayan suna Aja ta karɓi wankan jego da gashin jariri, ni aikina ya ragu, sai ta ce wa Ƙawa, "Ki zagaya da ita, ta ga ƙaramar hukumar." Ashe har wannan maganar ta kai kunnenta, mijin Yaya ne ya ba su labari suna raha.

Tanji muka fara zuwa, bakin teku inda masunta ke sauke kifi da yamma. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba, sai ga ruwa iya ganinka, yana tasowa yana rugugi kamar zai haɗiye gari. Jiragen katako dogaye masu fenti kala-kala suna shigowa, samari da mata na kutsawa cikin ruwa har ƙirji da robobi a ka suna ɗebo kifi, tsuntsaye na shawagi, a baya kuma rumfunan banda hayaƙi na tashi. Ƙawa ta san sunan kowane kifi. A nan ta saya min ebbe, abincin da 'yan matan makarantarsu ke mutuwar so, faten rogo ne da manja da tsamiya da lemon tsami da yaji, ga ƙaguwa a ciki da ƙafafunta. Na dubi ƙaguwar nan ta dube ni. Na tuna abin da bakina ya jawo min, na yi bisimilla na rufe ido na kai. Faten ya yi daɗi ƙwarai, ƙaguwar kuwa gaskiya har na baro ƙasar ban saba da ita ba, amma wannan karon a cikina na bar maganar.

Muka je Kacikali a garin Bakau, wani tafki ne a tsakiyar unguwa cike da kadoji, suna kwance a bakin ruwa baki buɗe kamar gumaka, mutane na shafa bayansu ana ɗaukar hoto. Wasu matan kan je a yi musu wanka da ruwan wai don neman haihuwa. Wannan kam na ce wa Ƙawa ban yarda da shi ba, Allah ke ba da haihuwa, ta ce ita ma haka, amma tarihin garinsu ne kuma dole ta san shi. Ta zaro ƙwandalar dalasi ɗaya ta nuna min hoton kada a jiki. An yi an yi in taɓa na ƙi, ina da sauran littattafan da ban rubuta ba.

A Banjul ta kai ni wata doguwar ƙofa da ke mashigar gari wadda aka fi sani da Arch 22, tsayinta mita 35, an gina ta a 1996 don tunawa da juyin mulkin da Yahya Jammeh ya yi ran 22 ga Yuli 1994. Daga samanta ana ganin garin gaba ɗaya, ɗan tsibiri ne, kogi ta nan teku ta can. Ta ce min da Bathurst ake kiran sa, sai a 1973 aka mai da shi Banjul. Ba ta ɓoye min cewa an sha wuya a shekara 22 na mulkin mutumin ba, ta ce akwai gidajen da har yau ba su san inda aka binne 'ya'yansu ba. Amma ta ce da ƙuri'a suka kayar da shi a Disambar 2016, kuma ƙuri'ar tasu ma abin kallo ce, ɗan dutsen gilashi ake ba ka ka jefa a gangar ɗan takarar da kake so, ƙararrawa ta yi ƙara, in ka jefa biyu kowa zai ji.

Yarinyar nan ba ta gajiya da yabon ƙasarta. Ranar 18 ga Fabrairu, ranar da suka samu 'yancin kai a 1965, tun safe ta sha ado. Ta ce min 'yar ƙasarsu Fatou Bensouda ce ta riƙe muƙamin babbar mai gabatar da ƙara a kotun duniya ta masu manyan laifuka daga 2012 zuwa 2021. Ta ce a 2019 duk manyan ƙasashen duniya suna kallo, Gambiya ce ta kai Myanmar ƙara kan kisan Musulmin Rohingya. Yayyenta maza kuwa in suna dafa ataya, shayin nan da ake sha zagaye uku, na farko da ɗaci na ƙarshe zaƙi zalla, ba su da zance sai na ƙwallo. Wai a gasar Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022, zuwansu na farko ke nan, sun ci Tunisiya ɗaya da nema, Tunisiyar nan kuma ita ta kori Najeriya, saboda haka in yi lissafi da kaina. Na ce su bari mijin Yaya ya dawo, shi ne malamin lissafi.

Tafiyar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta tsibirin Kunta Kinte. Jirgin fito muka shiga daga Banjul zuwa Barra, mutane da motoci da awaki duk a ciki, sannan mota zuwa ƙauyukan Albreda da Jufure, sannan ɗan ƙaramin kwalekwale. Da James ake kiran tsibirin, a 2011 aka sauya masa suna zuwa na mutumin nan da Alex Haley ya ba da labarinsa a littafin Roots na 1976. Wurin ɗan mitsitsi ne, ruwa na ta cin gefensa, ba komai sai rusassun bangaye da tsofaffin igwa da itatuwan kuka tsirara. A nan ake tsare mutanen da aka kamo kafin a zuba su a jirgi a haye teku da su. Aka nuna mana wani ɗan kurkuku mai ƙaramar taga. Na tsaya a ciki na minti ɗaya kawai na ji numfashina na sarƙewa. Na tuna Umma, wata biyu kacal da rabuwarmu ina kewarta kamar me, ga tikitin komawa a jaka. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

A kwalekwalen dawowa ne Ƙawa ta dafa ni ta ce, "To ni na nuna miki tawa. In na zo Kano me za ki nuna min?" Na gyara zama na fara lissafi da alfahari, Dutsen Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, badala. Ta ce, "Me ake gani daga saman Dalan?" Na ce ban taɓa hawa ba. "Me ke cikin Gidan Makama?" Ban taɓa shiga ba. "Ƙofofin garin nawa ne, wa ya gina ganuwar?" Na fara in-ina. Ta ce ta ji an ce da a Kano ana tara buhunan gyaɗa kamar duwatsu, su ma gyaɗa ce babban abin nomansu, ina dalar gyaɗar take yanzu? Na ce a hoto kawai na sani. Ta ce to wane abincin Kano zan dafa mata? Jama'a, shekarata ashirin da biyu a lokacin, an haife ni a cikin birni, na rubuta littattafai uku, amma dambun kirki ban iya turarawa ba, funkasau kuwa sai dai in ci. Taurarin littattafaina kullum a Dubai ko Landan suke shan amarci, wuraren da ban taɓa takawa ba, abincinsu kuma daga cips sai kaza. Ƙawa ba ta yi min dariya ba, shiru kawai ta yi tana kallon ruwa, ni kuwa na gwammace ta yi dariyar.

Ana saura 'yan kwanaki azumi na dawo gida. Aja ta haɗo min tsaraba, busasshen kifi da man gyaɗa na miya da turmin atamfa, ta ce in kai wa Umma, in kuma gaya mata 'yarta tana hannun uwa. A filin jirgi ni da Ƙawa muka yi ta kuka kamar waɗanda aka haifa ciki ɗaya.

Benacin ɗin farko da na dafa a gida ya caɓe, Baba ya ci loma biyu ya ce Allah Ya yi albarka ya tashi. Na uku ne ya yi kyau har Umma ta aika wa maƙwabta. Dambu kuwa wajen kakata na tare sati guda, ta yi ta min tsiya wai sai da na je bakin duniya na san tana da amfani. Bayan ƙaramar Sallah na matsa wa ƙanena, shi mai maganar tuntuɓe, ya raka ni Dala. Kafin mu kai sama sau uku ina zama ina haki. Da muka kai na ga Kano shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga Goron Dutse can gefe, na tsaya na kasa magana. Na sa ya ɗauke ni hoto na aika wa Ƙawa, na rubuta a ƙasa, "Ga tawa."

Ba a yi minti biyar ba amsa ta shigo. "Ma sha Allah, ya yi kyau. To su wa suka fara zama a kan dutsen?"

Na juya na dubi ƙanena. Ya ce, "Barbushe mana, Yaya, ba a koya muku a firamare ba?" Na ce ya zauna nan kan dutsen ya faɗa min duk abin da ya sani, kafin in ba ta amsa.